Ranar da Na Dama wa Alhaji Kastad ɗin Ingila

Ko zan manta komai na zamana a Guangzhou, ba zan manta da azumin da na gayyaci Alhaji Bala shan ruwa a ɗakina ba. Ni na gayyace shi da bakina, ba wanda ya sa ni, shi ya sa har yau ban samu wanda zan ɗora wa laifin ba.

Bari in fara da gaskiyar maganar Landan. Na je Landan, akwai hatimi a fasfona ga mai son gani. Kawuna na raka a duba masa ido, muka yi 'yan kwanaki a gidan wani ɗan garinmu. Daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gida, matar gidan tana tuƙa mana tuwon shinkafa da miyar kuka. Abincin Turawan da na ci a duk tafiyar shi ne wanda aka miƙo min a jirgi, shi ma burodin kawai na ci don tsoron naman. Amma da na dawo sai tafiyar ta riƙa girma a bakina. Kafin in shigo China sana'ar jakunkuna, 'yan kwanakin nan sun zama "lokacin da nake Ingila".

A unguwar Dengfeng, inda yawancinmu baƙi 'yan kasuwa muke haya, ba wuya mutum ya yi suna. In ana shan shayi a gidan abincin 'yan Nijar, sai in kurɓa in girgiza kai in ce a Ingila ba haka ake haɗa shi ba. In ana ruwa in ce wannan yayyafi ne in aka kwatanta da na Landan (alhali ruwan Guangzhou yana iya tafiya da takalmin mutum). Har aka sa min suna Ɗan Landan, ina amsawa da fara'a, ban san rabin masu kiran dariya suke ƙunshewa ba.

Alhaji Bala dattijo ne, babban ɗan kasuwa daga Kano, kuma shi ya fara nuna min hanyar China. A shekarar ya samu wasu masu shaguna a Ingila da suke son jakunkunan mata na fata daga Shiling, garin masana'antun jaka da ke gefen Guangzhou. Yana neman wanda zai tsaya masa a masana'antu, ya zaɓi launi da ɗinkin da Turawa za su so, ya duba kaya kafin a loda. Aiki ne da zai fitar da mutum daga sahun masu yawo da buhu a kasuwa. Mu biyu yake dubawa, ni da wani yaron shagonsa na da, Nura, wanda ko Legas bai cika zuwa ba. Na ce a raina in dai sanin Ingila ake nema, ai an gama magana. Abin da ya rage kawai in nuna wa Alhaji a aikace.

Na hau jirgin ƙasa na tafi can tsakiyar gari, wani kanti da ake sayar da kayan abincin ƙasashen waje. Kanti ne mai sanyi, babu ciniki, babu hayaniya, Turawa biyu-uku suna tura kwanduna. Na nufi layin da aka liƙa wa tutar Ingila na tsaya kamar wanda ya haɗu da dangi. Na ɗauki gwangwanin wake (ni da aka haifa kusa da Dawanau, inda ake auna wake da buhu, ga ni ina sayen cikin tafin hannu da farashin da ba zan iya faɗa wa mahaifiyata ba). Na ɗauki ganyen shayi, da biskit, da wata ƙaramar kwalba mai baƙin abu a ciki da na yanke hukuncin cakulet ne na shafa wa burodi. Kowanne sai na nuna wa yarinyar kantin hoton alade a waya, ta duba ta ce "meyo", wato babu, sannan in jefa a kwando.

Can a ƙasan kanta na hango wani gwangwani ruwan ɗorawa mai kusurwa huɗu. A China duk kayan da aka shigo da su sai an liƙa musu farar takarda da rubutunsu, to takardar ta hau kan farkon sunan ta rufe harafi ɗaya. Abin da ya rage ana gani shi ne "ustard". Ban ko yi tunani na biyu ba. Kastad ne, kuma na asali, daga garin da aka ƙirƙiro shi. Na san Alhaji yana son kastad da azumi, don a Kano da shi ake buɗa masa baki in ba a yi kunu ba.

Ban taɓa dama kastad ba a rayuwata, don haka da la'asar na kira matata a bidiyo. Ta ce a fara kwaɓa garin da ruwan sanyi, sannan a zuba tafasasshen ruwa ana juyawa har ya yi kauri. Ta ce in nuna mata gwangwanin ta gani. Na ce mata ba za ta gane shi ba, wanda ta sani kwaikwayo ne, wannan daga tushe yake. Ta ce to Allah ya ba da sa'a.

Na kwaɓa. Wani wari ya taso ya daki idona har na ja da baya. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ji daɗi, na ce ka ji ƙarfin abu na gaske, ashe duk shekarun nan garin rogo ake sayar mana da kala. Na zuba ruwan zafi, ya ƙi yin kauri. Na ƙara gari, ya ƙi. Na juye kusan rabin gwangwanin, na kawo garin masara na taimaka masa, na zuba madara da sukari ba tausayi. Ya fito ruwan ɗorawa shar, yana sheƙi, kamar a talla. (Na san malamai sun ce mai girki zai iya ɗanɗanawa ya tofar. Amma mutumin da ya zauna a Ingila me zai ɗanɗana a kastad?)

Alhaji ya iso dab da magariba tare da wani baƙo, Alhaji Isiyaka, mutumin zangon Kumasi wanda kamfaninsa ke yi wa Alhaji lodin kwantena. Ƙaton mutum ne mai ƙarancin magana, in ya yi kuma a hankali, da Hausarsu ta Gana. Na san shi sama-sama, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Muka buɗe baki da dabino da ruwa, muka yi salla, sannan na shimfiɗa leda a kan darduma na fara jera kaya ina bayani kamar mai gabatar da shiri a talabijin.

Waken na fara miƙawa, a kan gasasshen burodi. Alhaji ya tauna a hankali, ya tambaya cikin ladabi ko kuskure aka yi sukari ya zube a ciki. Na ce haka suke cin sa da safe. Ya ce Allah mai iko. Sai burodin da na lafta wa baƙin abin nan kauri guda. Alhaji ya gutsura, fuskarsa ta tattare, ya ce wannan kamar daddawa ce aka dama da gishiri. Ni ma na gutsura, na ji abin da ya ji har da ƙari, amma na haɗiye na ce irin cakulet ɗin manyansu ke nan, ba a sa masa zaƙi. Alhaji Isiyaka ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya ɗauki biskit ya ci abinsa.

Ganin fuskar Alhaji ta fara sauyawa, sai na ce kada ya damu, babban baƙon yana tafe. Na kawo kwanuka uku cike da kastad.

Alhaji ya yi murmushi karon farko tun da ya zauna. Mutum ne da ya wuni da azumi yana zagaya kasuwa, an ba shi wake mai sukari da daddawa a burodi, yanzu ga abin da ya sani. Ya yi bisimilla, ya cika cokali taf ya kai baki.

Na ga lokacin da abin ya isa inda za shi. Idanunsa suka buɗe, sannan suka rufe. Ya kama karan hancinsa da yatsu biyu. Hularsa ta zame gefe bai gyara ba. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, ya buɗe baki yana neman iska kamar wanda ya fito daga ƙarƙashin ruwa. Dattijo ne mai kunya, bai tofar ba, ya haɗiye. Da ya samu murya sai ya ce a hankali, "Ɗana, mene ne wannan?"

A nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita, na ƙi bi. Da na ce Alhaji ban sani ba, bari in duba, da an yi dariya an wuce wurin. Maimakon haka na ce, "Ranka ya daɗe, na asali ke nan. Bakinmu ne ya saba da jabu." Kuma don in tabbatar masa, na cika nawa cokalin na zuba a baki.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Barkono a harshe yake tsayawa ya yi faɗansa. Wannan bai kula harshe ba, kai tsaye ya haura ta bayan hanci ya shige tsakiyar kai, kamar an zura min waya mai wuta. Ga ɗaci, ga zaƙin sukari, ga madara mai ɗumi, kowa yana nasa. Kunnuwana suka toshe. Hawaye da majina suka sauko tare. Kuma a cikin wannan hali, ni ɗin nan, na ɗaga kai na dubi Alhaji na ce, "Ka ji daɗinsa ko? Sai a cokali na uku yake zama." Na kai na biyu. A na ukun ne atishawa ta ƙwace min, irin wadda ba ta sallama, ta yi wa gaban farar shaddar Alhaji ado da ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa.

Alhaji Isiyaka, wanda tun ɗazu yake juya cokali a kwanonsa bai kai baki ba, ya ce in kawo masa gwangwanin. Na kawo ina share fuska da hannun riga. Ya sa farce ya ɓare farar takardar a natse, ya juyo min da shi. Harafin da ke ƙasa M ne, ba C ɗin "custard" ba.

Ya yi mana bayani ba tare da ya ɗaga murya ba. Mastad sunansa, garin wata ƙwaya ne mai yaji, Turawa suna kwaɓa ɗan kaɗan su lakata a bakin wuƙa su shafa a gefen nama. Gwangwani ɗaya yakan shekara a gida. Baƙin abin kwalbar ma ba cakulet ba ne, shafa shi ake yi sama-sama kamar turare. Sannan ya ce, "Na daɗe a Birmingham, 'ya'yana har yanzu suna can, ban taɓa ganin wanda ya sha shi da madara ba. Amma ban sani ba, wataƙila a unguwarku ta Landan haka ake yi."

Alhaji yana goge rigarsa da tsumma ya fara dariya, dariyar ta haɗu da tari, tarin ya koma dariya. Muka sauka gidan abincin 'yan Nijar aka kawo mana shinkafa da miya, ni ina ci kaina a ƙasa. Mai abincin ya tambayi abin da ya sa idanunmu suka yi ja mu biyu, Alhaji Isiyaka kuwa mutum ne da ba ya ƙarya da azumi. Kafin a idar da asham labarin ya zaga Dengfeng. Washegari ba wanda ya kira ni Ɗan Landan. Mastad na koma, har ɗan Chinan da ke gyaran waya a ƙasan benenmu, wanda bai san ma'anar ba, in na wuce sai ya ɗaga hannu ya kira ni da shi.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya ce in raka shi Shiling. A mota ya gaya min Nura ya ba aikin. Na fara ba shi haƙuri a kan rigar da kuma yajin, ya ɗaga min hannu.

"Ba don ka ba ni yaji a madara ba ne, kowa yana kuskure. Na zauna ina kallon ka, hawaye na zuba, kana ce min da daɗi. To ranar da jakunkuna suka fito da karkataccen ɗinki, ni ina Kano, me za ka ce min a waya?"

Na juya ina kallon gadoji ta taga har muka isa.

Ranar Sallah Alhaji Isiyaka ya kira mu gidansa cin nama. Ashe ya tafi da sauran gwangwanin. Ya kwaɓa ɗan mitsitsi a gefen faranti, ya yanko min tsokar rago mai zafi, ya nuna min yadda zan taɓa kaɗan. Mutane sun zagaye ni suna jira, wasu har sun ɗaga waya. Na ci. Ya tambaye ni yaya na ji, na ce ban sani ba tukuna, a ƙaro min wata tsokar in gane. Aka yi dariya, amma a karon nan da ni aka yi.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. "Ban sani ba" kalmomi uku ne, ba sa yaji, ba sa ɓata rigar kowa, kuma da na faɗe su da magaribar nan da yanzu ni ke zaɓar wa matan Ingila jaka.