Maccen da Na Karanta wa Na'iya a Bango

Mutanen Dogon Daji sun ce ko gobara ta tashi, sai Na'iya ya gama cin goronsa. Matan unguwa kuwa sun ce shekara tara da rasuwar matarsa Ruwaida, bai sake ɗaga ido ya dubi zane ba. Ni maƙwabcinsa ne, shekara talatin kwanon tuwonmu ɗaya.

Ranar Talata muka je layin takin da Rankaidaɗe Uban Alkawari ya ce yana hanya tun damina biyu. Taki bai zo ba, sai takarda a bango. Da yake na yi yaƙi da jahilci da furfurata, aka turo ni gaba. Na karanta a hankali: za a ba kowane magidanci MACA ɗaya kyauta, daga ƙasar waje, don ƙarin kuzari.

"Macce?" in ji Na'iya.

"Ita ce," na ce. "Mai rubutun ne bai iya bakinmu ba."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na'iya ya yi aski, ya rina gemu, ya yaɓe ɗaki, ya aro babbar rigar Mu'awiyya tela, har ya aika garin Kebbe a sanar da dangi.

Ranar rabo muka sha rana awa biyar. Motoci tara suka rako kwali ɗaya. Allah ya ja zamanin manya, masu hangen nesa: gonaki ke kukan rashin ƙarfi, su kuwa suka hango wani wurin.

Aka miƙa wa Na'iya ɗan ƙullin gari.

"Ina take?"

"Ga ta hannunka, Baba," in ji mai rabo. "Maka ake cewa. Saiwa ce, a kunu ake damawa."

"In sha in yi ƙarfi, sannan in kama wa da kokawa? Jakina?"

Tun ranar, har mai shayi "ango" yake ce masa. Kwana shida Na'iya bai amsa sallamata ba, ni kuma nauyin baki ya hana ni komai.

Jiya da la'asar na tarar da shi yana barbaɗa garin a gindin dawarsa, wai ko ita ta amfana. Garin nan dai akwai ƙarfi, mai karatu, don ganinsa kawai ya kwance mini harshe. Da za a dama wa manya shi, da mun ji abin da kunnenmu bai taɓa ji ba.

Na durƙusa a kan kunya.

"Na'iya, ka gafarce ni. Su taki suka hana ka. Maccen, ni na ƙirƙiro maka ita."