Fartanyar Jaji Ta Tsage

"…da gajiyar zuga, angon toka?"

Hajjo ke nan, ta tsaya a bakin maƙerar jikanta Abarshi a Birnin Gwari. Ciyawa ta fara cinye gyaɗarta a gonar bakin dajin Kakangi, ga fartanyarta ta tsage. Ba wai babu wata fartanya a garin ba ne. Wannan dai, mijinta marigayi Jaji ne ya ƙera mata ita, kuma tsohuwar nan gara ta yi noma da farce da ta riƙe wata.

"Lafiya lau, amarya mai haƙori ɗaya. Me kika kashe yau?"

"Kai ka kashe! Bara ka yi mata baki, ka tsoma ta a ruwa kamar mai jiƙa garin rogo. Kakanka ko da ƙafa ya yi ƙira ya fi ka."

Abarshi ya juya ƙarfen ya duba.

"Laifi tudu ne. Wa ya yi wannan tabon dutse?"

"Aljanu."

"Aljanu masu zane da ɗankwali?"

"To lanƙwashewa ta yi, na miƙar da ita da ɗan dutsen niƙa. Sai me?"

"Da sanyinta? Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, uwargida. Ina kika ajiye ta?"

"Gindin murhu, duk rani. Ɓarayi irinka sun yi yawa."

"Shi ke nan! Ƙarfen da ya sha duka da sanyi, ya kwanta yana shan ɗumi, tauri yake ƙarawa har ya yi gautsi. Kamar ke dai."

"Ni gautsi? Na goya ubanka, na goya ka, bayana bai tsage ba!"

Muryarta ta sauka. "Za ta gyaru?"

Ya tura ƙarfen cikin gawayin ƙirya ya zuga, ya haɗe tsagar a kan uwar maƙera, ya tsoma bakin a ruwa. Sannan ya sake ɗumama shi a hankali don taurin ya sassauta. Ko'ina ya sha dukan masaba, ban da ɗan zanen ƙafar kaza da Jaji ke yi wa aikinsa.

Hajjo ta shafa zanen da yatsa, ta yi dariya tana share ido. Ta kwance ƙullin man kaɗanya ta dangwarar masa.

"Ungo sadakinka, miji na biyu. Na farkon dai ya fi ka kyau."