Rasuwar Bakwai, Sandar Golf Mai Dama Kunu a Makera

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, amma da miƙa kai ga nufin Ubangiji, ni Jummai Ishaya, mai kunun gyaɗa a bakin titin Makera, ina sanar da dangi, maƙwabta da ma'aikatan masaƙa rasuwar abokiyar aikina, Bakwai, wadda ta rasu a hannun surukina, ranar da soja suka miƙa mulki.

Ga wanda bai san ta ba, Bakwai sandar wasan golf ce, doguwa, siririya, mai karkataccen kai na ƙarfe. Ba ni na raɗa mata suna ba. Da lambar bakwai a goshinta ta zo.

A Kanada aka haife ta. Uwar ɗakinta ta fari ita ce Madam Edith, matar wani injiniyan masaƙa da na yi wa girki a Kakuri ina budurwa. Madam ta ce tun tana 'yar makaranta take wasan, a ƙasar da ƙanƙara ke rufe ciyawa rabin shekara, sai su zauna jiran ciyawa kamar shanu. Ta ci kofin garinsu, ta ci na jiharsu, ta haye teku ta ci na wasu. Ni ke goge kofunan, kuma ban taɓa ganin an sha ko ruwa a ciki ba. Na tambaye ta me ake ba ta, ta ce ko kwabo, don sha'awa take yi. Wato mace ta bugi ƙwallo ya yi nisa, ta bi shi da ƙafa, ta sake bugunsa har ya faɗa rami, ta ciro abinta, ta dawo gida hannu wofi tana murna. Ban gane ba a lokacin, yau ma ban gane ba, amma mutuniyar kirki ce.

Wancan karon da soja suka ba farar hula mulki ne Madam ta koma gida. Ta zaro Bakwai daga jaka ta ce, "Jummai, wannan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ki riƙe ta." Na riƙe. Ranar da na fara sana'a, muciyata ta kasa kai wa gindin babbar tukunya, sai na wanke Bakwai na zura. Daga ranar ta sami aikin gaske.

Marigayiya ba ta da ƙiwuya. Kanta yana bin gindin tukunya lungu-lungu, ƙarr, ƙarr, kunu bai taɓa kamawa ba. Masu aikin safe sun ce ƙarar nan ce agogonsu. Ta kakkaɓo mangwaro, ta kashe maciji a bayan gida, ta raka ni coci lokacin da gwiwata ta kumbura. Ba ta taɓa neman a kai ta filin golf na manya a hayin kogi ba, ko da yake can danginta suke.

Ajali ya zo mata ta hanyar siyasa. Daniel, mijin 'yata, wanda ke riƙe wa wani kansila jaka, ya ji cewa yanzu a filin golf manya ke raba muƙamai. Ya samo ƙwallo, ya sa farin wando, ya ce, "Mama, kina wulaƙanta dukiya. Wannan ba ludayi ba ce." Na ce, "Ɗana, ta tsufa, ta saba da tukunya, kada ka tuna mata baya." Bai ji ba. Ya kai ta filin makaranta da sauran kunu a jikinta, ya ware ƙafafu, ya kai bugu. Ƙwallo bai motsa ba. Ƙasa ya sara. Maganarta ta ƙarshe ita ce ƙwas! Kanta ya tashi sama ya nufi layin dogo, har Daniel yana rantsuwa ko Madam ba ta taɓa tura abu nesa haka ba. Har yau ba a ga kan ba.

Ta rasu ta bar yayyenta Biyar da Shida, da ƙannenta Takwas da Tara, duk suna Kanada, ba mu san gidajensu ba. Ta bar tukunya, ta bar ni. Ta bar kunu cikin maraici, domin tun daga ranar yake ƙauri. Na gwada muciya, na gwada gora, na gwada rodi. Masu sayen kununa sun fara tsallaka titi zuwa wajen Hannatu mai kunu, wadda ta zo mini gaisuwa tana share ido, ta koma ta ƙara benci. Da tukunyar nan nake ciyar da gida, ba ni da wata.

Za a yi jana'iza ranar Laraba da yamma, a bayan murhu. Fasto ya ce babu addu'ar sanda a littafinsa, don haka 'yan zumuntar mata za su yi waƙa. Daniel zai haƙa kabari, tunda ya iya saran ƙasa. Gangar jiki kaɗai za a binne, kuma ba da zurfi ba, domin mai walda ya ce in kan ya dawo akwai tashin matattu. Wanda ya tsince shi ya kawo, ba za a tambaye shi komai ba.

Kowa ya zo da kofinsa. Za a raba kunu, kuma ina faɗa tun yanzu, yana ƙauri. Wanda ya shanye, shi ne ya zo makoki. Wanda ya rage, na san bencin da zan gan shi a kai gobe.