Jinyar da Sabitu Manaja Ya Ƙaga wa Ubansa

Wani mutum ne a Funtuwa ana ce masa Sabitu Manaja. Kada ku tambaye ni manajan mene ne, don ko teburin mai shayi ba a taɓa bar masa tsaro ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya yi ta amsawa har ya bi shi. Kullum da hantsi zai fito cikin shadda ta sha guga, ya karya hula gefe, biro a aljihun gaba, ya nufi bencin da ke ƙofar shagon Ilu tela. Nan ne ofishinsa. Aikin kuwa guda ɗaya ne, cika baki.

Abin da ya fi tutiya da shi shi ne riƙon mahaifinsa.

"Ku ba ku san nauyi ba," in ji shi. "Tun da Baba ya yi ritaya komai a wuyana yake. Ci da sha, magani, har goron da yake tauna."

Ilu tela bai ko ɗago daga kan keke ba. "Allah ya biya ka, Manaja. Ni dai jiya na ga tsohon ya ɗauko buhun masara a ka daga kasuwa."

"Motsa jiki ne. Ni na ce ya riƙa yi."

Gaskiyar maganar ita ce, uban nasa Malam Barau ya ƙare ƙuruciyarsa yana duba layin dogo a ƙafa, rana da ruwa, har ya tara abin da ya gina ɗan gidansa a bakin titi. Matarsa ta rasu. 'Yarsa Talatu tana aure a Gusau, takan aiko da abin da ya sawwaƙa. Shi kuwa Sabitu ya haura arba'in, matarsa ta gaji da romon baka ta kama gabanta, sai ya dawo gidan uba ya mamaye ɗakin ƙofa, wanda ya fi kowanne girma kuma yake kallon titi. Tuwon da tsoho ya biya maƙwabciya ta tuƙa, Manaja ne ke fara sa masa hannu.

Ana nan damina ta matso. Wata safiya Malam Barau ya kira ɗansa.

"Sabitu, fanshon nan ba ya kai ni tsakiyar wata, kwanon ɗakina kuma ya zama rariya. Na yi ta tunani. Ko in sayar da gidan in koma ƙauye, ko in jinginar da shi, ko kuma in sa ɗan haya a ɗakin ƙofa."

Sabitu ya zabura. "Wane ɗakin ƙofa, Baba?"

"Guda nawa ne?"

"Haba Baba. Kana da ɗa irina, wanda ya san kan kuɗi, ka tsaya kana lissafin mutanen da? Ka bar mini komai."

"To, na bar maka," in ji tsoho. "Amma hadari ba ya jiran Manaja."

Sabitu ya fita yana saƙe-saƙe. Ƙauye babu bencin Ilu, ɗan haya kuwa ɗakinsa zai ci. Sai ya tuno wata hira da ya taɓa ji a rediyo, wai a Turai tsoho yakan sayar da gidansa, ya karɓi kuɗi, ya ci gaba da zama a ciki, sai ranar da ya mutu mai saye ya karɓi abinsa. Nan take ya ji kamar an yi masa bushara. Baba zai zauna, shi ma zai zauna, kuɗin kuma a hannun wa za su kwana in ba Manaja ba? Har ya hango kansa a mota. Gadon Talatu kuwa ko a jikinsa. Shawo kan tsoho ma bai dame shi ba, ya ce in kuɗi suka sauka kowa zai ji magana.

Bai zame ko'ina ba sai wajen Alhaji Nalado mai hatsi, wanda ya daɗe yana neman wurin ajiya a bakin wannan titi. Alhaji ya saurari tsarin har ƙarshe yana shafa gemu.

"Manaja, ni ɗan kasuwa ne. In zuba kuɗina in zauna jiran tsoho? In ya ƙara shekara ashirin fa?"

Sabitu ya sunkuyar da kai, ya matso hawayen da babu. "Alhaji, da bakina ba zan so in faɗa ba. Baba ba zai ga kaka ba."

"Subhanallahi. Me ke damunsa?"

"Me ne ba ya damunsa? Ko ruwa sai an ɗura masa. Ni nake juya shi, ni nake wanke shi. Likita ya ce mu dawo gida mu yi ta addu'a."

Wannan fa mutumin da ake magana a kansa, a ranar ma shi ya faskare itacen gidan. Sabitu ya san lafiyar ubansa sarai, ya san Alhaji ne zai tsufa yana jira. Shi a ganinsa ya yi wa ɗan kasuwa wayo.

Alhaji ya ce sai ya gani da idonsa. Sabitu ya ce ya zo ran Talata bayan azahar. Ya zaɓi lokacin ne don ya san halin tsohon: da ya ci abincin rana zai ja mayafi ya rufe har kai saboda ƙuda, ya yi barcin da ko jirgi ya wuce ba ya motsi. Suka shiga a hankali. Ga mutum a miƙe cikin mayafi, tafin ƙafa kawai ake gani, minshari na tashi, gurrr, gurrr.

"Ka ji ko?" Sabitu ya raɗa masa. "Kakari ne. Tun jiya yake yi."

Alhaji ya ja da baya yana salati. Ya ajiye ledar lemo a bakin ƙofa, ya ce in an sauko Juma'a za a zauna a yanke magana. Kafin tsoho ya farka Manaja ya shanye lemon, ya zubar da ɓawon a bayan gida.

Daga ranar bakin Sabitu bai ƙara rufuwa ba. A benci ya ce ya kusa kawo wani tsari daga Turai wanda duk Funtuwa babu kan da zai ɗauka. Ya tambayi Ilu ko ya san mai koyar da tuƙi. Ya ce wa mai shayi ya daina zuba masa a kofin kowa da kowa.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne zuciyar Alhaji Nalado. Alhaji yana son banza, amma yana tsoron Allah daidai gwargwado. Tun da ya fito daga gidan yake kama kansa yana auna inda zai jera buhuna in tsoho ya cika, sai kunya ta kama shi. Ya ce bari ya wanke ransa. Mu kuwa nan, in ka ji an ce wani yana kwance kuma kana so a san kai mutumin kirki ne, hanyar a bayyane take, sai ka sa a yi masa addu'a a masallaci.

Ran Juma'a masallaci ya cika har waje. Sabitu yana ƙarƙashin bishiya tare da Ilu da sauran 'yan benci, ya shimfiɗa darduma ya harɗe. Ana sallamewa sai lasifika ta yi ƙara, ladan ya gyara murya.

"Jama'a, a ɗan dakata. Alhaji Nalado mai hatsi yana roƙon a sa wani bawan Allah a addu'a. Malam Barau na layin dogo, yana kwance rai a hannun Allah, ko ruwa sai an ɗura masa. Allah ya ba shi lafiya, in kuma wa'adi ya yi, Allah ya sa ya cika da imani."

Masallaci ya ɗauka, amin.

Ilu ya juyo. "Manaja, yaushe? Ai ɗazu ya wuce mu a ƙafa, har na kasa cim masa."

Ladan kuwa bai kashe lasifika ba, Malam Barau kuma tun da ya yi ritaya sahun gaba yake zama, dab da ita. Sai ga muryarsa ta cika filin, tar.

"Gafarta ladan. Na ce amin tare da jama'a, amma wane Malam Barau ne?"

"Alhaji, ga tambaya," in ji ladan.

Aka ji muryar Alhaji Nalado ta matso. "Na bakin titi, mahaifin Sabitu Manaja."

"To ai ni ne."

"A'a, baba, ba kai ba. Wanda nake nufi na gan shi da idona ran Talata bayan azahar, an lulluɓe shi yana kakari."

"Barci nake yi, Alhaji."

Can baya wani ya kasa riƙewa ya tuntsire, sai sahu ya kama. Alhaji ya ga ana neman a mai da shi maƙaryaci a ɗakin Allah, sai ya zazzage komai a bakin lasifika: tsarin Turai, cinikin gida, juyawa da wankewa, da maganar likita. Kowace kalma tana fitowa ta saman bishiyar da Sabitu ke zaune, mutane suna waiwayowa ɗaya bayan ɗaya.

Da ya gama sai Malam Barau ya ce, "Zuwa yaushe ya ba ni?"

"Ya ce ba za ka ga kaka ba."

Tsohon ya ce a hankali, "To. Allah ya kai mu kakar."

Ni kam a nan dariya ta tsaya mini, don duk wanda ya haifa ya san abin da ya soki dattijon nan. Amma Sabitu bai tsaya jin tausayin kowa ba. Ya miƙe zumbur, ya kutsa cikin jama'a, fiu, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Sai Malumfashi, wajen wani abokinsa.

Kun san gwano ba ya jin warin jikinsa. Da ya ƙiyasta ƙura ta lafa, sai ga Manaja ya dawo, hula a karye kamar kullum. Bai fara zuwa gida ba, benci ya fara sauka.

"Ku ba ku gane ba," in ji shi tun kafin a gaisa. "Dabara ce. Baba ba ya son zuwa wajen masu kuɗi, Alhaji ba ya son zuwa wajen talaka. Wa ya haɗa su? Yanzu haka na san suna can suna jira in zo in yanke musu magana."

Ilu ya ajiye almakashi. "Wallahi Manaja ka haɗa su. Tashi mu raka ka, kada su gaji da jira."

Duk benci ya miƙe. Sabitu na gaba yana taƙama, suna biye. Suna shawo kwana ya ja birki. An fasa bangon ɗakinsa ta wajen titi an sa ƙatuwar ƙofar ƙarfe, 'yan dako suna ta shiga da buhunan dawa. Alhaji Nalado na zaune a kujera yana kallo. Katifar Manaja da akwatinsa suna jingine a zaure. Daga sama kuma ana jin guduma, kwam, kwam. Ya ɗaga kai, sai ga Malam Barau a kan rufin nasa ɗakin tare da kafinta, ƙusa a baki, sabon kwano yana walƙiya.

Tsoho ya cire ƙusar. "A'a, mai jinya ne? Sannu da hanya."

"Baba, mene ne wannan?"

"Bayan ka tafi mun zauna da liman. Ya ce cinikin da ake jiran ran mutum babu alheri a ciki. Sai Alhaji ya kama hayar ɗakin ƙofa, ya biya kuɗin shekara gaba ɗaya. Ga kwano na saya, ga abin cefane, gida kuma yana nan nawa. Na gaya wa Talatu, ta ce a gaishe ka."

Sabitu ya dubi 'yan benci, ya dubi katifa. Ya rage murya, amma tsoho yana sama, dole kowa ya ji.

"To ni a ina zan kwana?"

"Ai ban manta da kai ba," in ji Malam Barau. "Na roƙi Alhaji ya yi maka tsarin naka na Turai, ya bar ka a ɗakin har ka mutu, sannan ya zuba dawarsa."

Sabitu ya juya da sauri wajen Alhaji. "Me ka ce, Alhaji?"

Alhaji Nalado ya ƙare masa kallo daga hula har takalmi, ya girgiza kai.

"Wanda aka ce mini yana kakari ga shi can a kan rufi. Kai da ban taɓa jin ko tarinka ba, wa zai iya jiranka?"