Yadda Za Ka Zaɓi Gilashin Kyamarar da Zai Kama Dariyar Dada

Kai da ka sayi kyamara kana son ɗaukar mutanen kasuwa ba tare da sun ankara ba, ka zo wurin gwani. Shekara uku na yi ina bin kakata Dada, mai sayar da daddawa a kasuwar Basirka da ke yankin Gwaram, don in samu hotonta guda ɗaya tana dariya. Da ta hango kyamara sai ta ja mayafi ta rufe baki, wai haƙoranta sun yi ƙaura. Bi matakan nan, nasara tabbas ce.

1. Fara da gajeren gilashi

Masana sun ce gilashi mai lamba 35 shi ne na titi: ba nauyi, sai dai ka matsa kusa. Masanan ba su taɓa zuwa Gwaram ba. A nan duk wanda ka matsa kusa da shi sai kun gaisa. Kafin ka gama amsa ya gida, ya gona, ya mai jiki, mutumin ya gyara hula ya ƙame kamar za a yi masa katin zaɓe.

2. Koma kan dogo

Da mai lamba 200 kana iya laɓewa bayan buhunan riɗi. Ba za ka yi minti biyar ba Malam Yahuza mai awo zai dafa kafaɗarka: "Malam, na rabon taki ne? Ka sa ni, iyalina goma sha ɗaya." Kana waigawa ka ga layi har bakin tasha.

3. Kada ka roƙi kowa ya saki jiki

Na gwada. Na ce, "Dada, ki yi kamar ba na nan."

Ta ce, "To ina ka tafi? Ga ka nan tsaye kamar turke, ka tare mini masu saye."

4. Ja da baya

Dogon gilashi ba ya ɗaukar na kusa, don haka ja baya, idonka a kyamara. Ƙara ja. Gwani ba ya waiwaye. Ni a bayana akwai kwandon tumatirin Hambali, kuma yatsana na kan maɓalli lokacin da na zauna daram a ciki.

5. Duba abin da ka samu

Rabin hoton rufin rumfa ne, sauran ya karkace. Amma a can gefe ga Dada, mayafi ya zame, baki a buɗe, tana nuna ni da yatsa tana dariya har da hawaye. Har yau a Basirka Ɗan Miya ake ce mini.

Dada ta rasu daminar bara, kuma wallahi ina kewarta. 'Ya'yanta bakwai kowa wannan karkataccen hoton ya ce a tura masa. Babu wanda ya tambayi lambar gilashin.

Gargaɗi

Babu ruwana da wandonka, ko ƙugunka, ko fushin mai tumatir. Idan kuma ka tsaya zaɓen gilashi har taka tsohuwar ta tafi ba ka ɗauke ta ba, kada ka neme ni. Ni ma kwandon Hambali ne ya cece ni.