Mayen Ƙarfe da Karafan ɗin Kawun Kafili

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi daga direba na koma injiniya a Riyadh, na kuma dawo direba kafin a kira la'asar.

Ina tuƙi ne a gidan wani Balarabe, Abu Fahad, a unguwar Suwaidi. Shi ne kafilina, wato iƙamata, takardar zamana a ƙasar, tana hannunsa. Lokacin ta kusa ƙarewa, shi kuma ya yi gum a kan sabuntawa. Tsoro nake ji sosai, don ban shirya komawa gida ba. Sai na shiga neman hanyar da zan nuna masa ba sitiyari kaɗai na iya ba.

Ana haka sanyi ya shigo, Abu Fahad ya ce zai sayi karafan na hannu, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota a tafi sahara shan iska. Damuwarsa ɗaya: tsatsa. Nan take bakina ya ce ai ni a garejin gyaran jikin mota na tashi a Kano. (Gaskiyar magana, garejin yayana ne, kuma abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne cin gurasa a kan benci.)

Dabara ɗaya na tsinta a wurin. Ana ɗora mayen ƙarfe a jikin mota. In ya kama, ƙarfe ne lafiyayye, in ya faɗi, tsatsa ce aka cike aka shafe da fenti.

Muka tafi unguwar Shifa. Mai karafan ɗin dattijo ne mai fara'a, ya ba mu gahawa da dabino. Ni ko kallon kirki ban yi masa ba, aiki ya kawo ni. Na fito da mayen ƙarfena na manna a ƙofa, ya faɗi. Na manna a gefe, ya faɗi. Baya ma haka. Wallahi daɗi ya kama ni, na ce yau iƙama ta sabuntu. Na juya da guntun Larabcina, da ƙarfi yadda kowa zai ji, na ce: "Mudir, kullu kharban! Maigida, duk ruɓaɓɓe ne, wannan tsohon cutarka zai yi."

Abu Fahad ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali: "Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata."

Dattijon bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce jikin karafan ai alminiyam ne, irin na tukunya, mayen ƙarfe ba ya kama shi ko yau aka ƙera. Tsatsa a ƙasa ake dubawa, wurin ƙarfen da ya ɗauki ɗakin. Ya ce tunda ga injiniya, bismillah. Haka na shige ƙasa da farar jallabiyata, na tarar da ƙarfe tas. Na daɗe a kwance a can, ba don bincike ba, fitowar ce ba na so.

A hanyar gida na jira a ce in haɗa kayana. Abu Fahad dariya kawai yake yi har yana dukan cinya. Ya sayi karafan ɗin, ya kuma sabunta iƙamar, amma ya ce kawunsa ne ya roƙa, wai kada a rabu da mai sa shi nishaɗi. Mutumin da na kira macuci shi ya cece ni.

Har yau Muhandis, wato injiniya, suke kirana a gidan, mayen ƙarfen kuma yana manne a ƙarfen da nake ɗaura karafan ɗin a mota, inda dattijon ya sa shi da hannunsa. Yanzu kafin in ce wani macuci ne, sai na fara tambaya ko ɗan'uwan wane ne.