Ranar da Baffa Ya Ji Muryarsa a Motar Goronyo

Ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu Goronyo ni da Baffa ba, ko da tsufa zai kwashe min komai ya bar ni da sanda. Amma bari in fara daga inda na janyo wa kaina.

Ni malamin firamare ne a Wurno. Lokacin da sauraron littafi a waya ya kama gari, daga tela har mai ban-ruwan albasa kowa da abu maƙale a kunne, sai Shaiɗan ya raɗa min cewa ai ni ma marubuci ne. Ba na soyayya ba, a'a, ni na wuce nan. Labarin makirci na rubuta, mai zurfi, na wata ƙungiyar asiri ta attajirai da ke ƙulla yadda za su ƙwace fadamun wani gari. Jarumin kuwa wani dogon malamin firamare ne, kyakkyawa, mai faɗin ƙirji (ni gajere ne, a benci ma ƙafata da ƙyar take taɓa ƙasa, amma ai alƙalamin a hannuna yake).

Na ce kuma ni zan karanta abina. Na shige ɗakin hatsi da rana tsaka, na lulluɓa da bargo don kada hayaniya ta shiga, ina zufa ina karatu. Na ajiye Sakkwatancina gefe na ari muryar 'yan rediyon Kano don kada a gane ni. In mace ce za ta yi magana, in maƙe maƙogwaro. Da na zo kan shugaban miyagun, Alhaji Mai Zobe, sai na rasa muryar da zan ba shi. Ina cikin tunani na ji Baffa ya wuce ta tsakar gida.

Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe mu tun rasuwar mahaifin namu, gida ɗaya muke. Ba ya buɗe baki sai ya yi gyaran murya sau biyu, kuma ko tuwo ka ce ya ƙare, ko gobara aka yi, ƙarshen maganarsa ɗaya ne: "To, shi ke nan, duniya ta." Na kwashe su duka, gyaran muryar da duniya ta, na liƙa wa mugun. Wallahi suka zauna masa daram.

Ban saurari abin da na ɗauka ba. Me zan saurara, ni da na san abin da na rubuta? Na kai wa masu tura fina-finai a kasuwa da sunan bogi, na koma gida ina jiran duniya ta girgiza.

Ana nan na sami yarinya a Goronyo, iyayenta suka ce in turo magabata. Magabacina kuwa Baffa ne, babu na biyu. In ya ce ya fasa, aure ya sha ruwa. Ango ba ya zuwa neman aurensa, amma Baffa bai san gidan ba, sai aka ce in raka shi in nuna masa ƙofa, ni in laɓe a tasha.

Muka shiga motar haya, ni da shi a gaba mun matse. A baya akwai wata Hajiya 'yar Rabah mai sayar da atamfa, da wani tsoho manomi. Ko gari ba mu gama fita ba direba ya taɓa rediyo.

"Bari in sa muku wani littahi," ya ce. "Shi ka hana ni barci bisa hanya. Ba don daɗi ba hwa, don haushi."

Sai na ji murya ta cika motar: "Wata ya leƙo daga taskar sararin samaniya, yana zubar da hawayen azurfa bisa kafaɗun madatsar ruwa mai nishin kaɗaici..."

Jama'a, ni ne.

"Yo har yanzu watan ga bai gama hitowa ba?" in ji Hajiya. "Tun wancan sati da nish shiga motag ga shika hitowa! An ce muna labarin makirci na, ba a ƙulla komi ba sai wata."

"Hajiya ki bari ki ji muryar matar," in ji direba. "Awa an taka ma kyanwa wutsiya."

Tsohon ya ce, "Kuma Bakanon ƙarya na. In ya sha'afa sai ka ji namu ya kuɓce mai. Ɗan ƙasag ga na, ko ba a hwaɗi ba."

Na janyo hula har gira. Baffa ya zungure ni ya ce, "Kai da ka yi boko, mi kag gani?" Na sassauta murya kamar mai ciwon haƙori na ce ai marubucin bai san aikinsa ba (Allah ya yafe min, da bakina na ci naman ɗana).

Sai ga Alhaji Mai Zobe ya shigo labarin. Gyaran murya sau biyu. "Ku ƙwace fadamar. In sun yi kuka, to, shi ke nan, duniya ta."

Baffa ya karkata kai, ya saurara da kyau. Sannan ya yi gyaran murya sau biyu.

"Wanga Alhaji shi kaɗai ad da hankali cikin labarin ga. Magana kaɗan, aiki da yawa. Shi ko malamin, banda yabon kai ba shi da sana'a. To, shi ke nan, duniya ta."

Direba ya dubi rediyo, ya dubi Baffa, ya sake duban rediyo. Ta madubi na hango Hajiya ta cusa gyale a baki, kafaɗunta na rawa. Kowa ya gane, sai Baffa kaɗai. Ni kuwa na duƙufa addu'a Allah ya sa taya ta fashe, ko mai ya ƙare, ko 'yan sanda su tare mu. Ranar hanya sumul, ko akuya ba ta gitta ba.

Aka zo wurin da na fi ji da shi, inda jarumi ya ritsa Alhaji a ɗakin sirri zai tona masa asiri. "Nan ni ma ban taɓa kawowa ba," in ji direba, ya ƙara sauti. Sai aka ji ƙofa ta yi ƙiiii. Ni dai na san ban rubuta ƙofa a wurin ba.

"Auta! Kai Auta!" Muryar Inna ce, mahaifiyata, tar da ita. "Mi kaka yi cikin bargo da ranag ga? Kwaikwayon Baffanka kaka yi kuma? Ran da yaj ji ka, ba ruwana! Hito ka kore awakin ga, sun shiga dawa."

Sai kuma tawa muryar, ba Kano ba dalilinta, Wurno zalla: "Haba Inna, don Allah ki bari, littahi nika yi!"

Ashe ranar ban danna tsayawa ba.

Hajiya ta saki gyalen. Tsohon har da tari. Baffa ya juyo a hankali ya dube ni, ni kuwa na ga aurena yana ɗaga min hannu daga nesa.

"Direba, tsaya," ya ce. Muka tsaya gefen wata gonar albasa. Na ce shi ke nan, sauka zai yi ya koma gida. "Maido baya," ya ce. Aka maido, Inna ta sake kirana. "Ƙara." Ta ƙara kirana.

"Auta. Ƙarshen labarin, mi ka samun Alhajin?"

"Ruwa yaka hwaɗawa, Baffa," na ce. "Wani ƙaton kada ya cinye shi."

"Ni? Kada?" Ya jinjina kai. "Direba, mu tai."

Muka isa Goronyo. Na nuna masa gidan da yatsa, na dawo tasha na zauna ƙarƙashin dalbejiya, ban san ko aure ya je nema min ba ko faɗa musu zai yi su riƙe 'yarsu. Direban nan kuwa, Allah ya saka min, sai kawo abokansa yake ɗaya bayan ɗaya yana nuna ni: "Ga mai watan nan."

Bayan la'asar Baffa ya dawo. Gyaran murya sau biyu.

"An ba ka. Na hwaɗa musu gaskiya, yaro na na kirki, aibunai guda, in ya hwara bayani sai an yi haƙuri." Kafin in durƙusa ya ɗaga hannu. "Sharaɗi biyu. Alhajin ga ba ya mutuwa. Kuma kashi na gaba ni ka karanta wurina da kaina, don kai ba ka iya ni ba."

Haka aka yi. Baffa da girmansa ya shiga bargo ya karanta, na tsamo Alhaji daga bakin kada, na rage watan. Kashi na biyu ya fita bayan biki da kaɗan. Ba a yi sati ba direba ya kawo min saƙon Hajiya: labarin ya ɗan yi dama, amma wannan sabon da aka ɗauko yana muryar Alhaji bai iya ba sam, ko "duniya ta" ɗin ma ta jabu ce, a maido na da.

Har yau ban isar wa Baffa da saƙon ba, aurena ɗanye ne. Abin da na koya dai shi ne, duk mai shirin tona asirin manya, ya fara kore awakin uwarsa tukuna.